Sai Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Wasiƙa Kan Abin Da Muke Kira Sa'a

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata kalma da muke furtawa safe da yamma ba tare da mun tsaya mun duba abin da ke cikinta ba, wato sa'a. Ni malamin makaranta ne a nan garin Tahoua, na kusa cika shekara 30 da alli a hannu, kuma a tsawon wannan lokaci na ga yara masu yawa sun shigo aji da ƙwaƙwalwa kusan iri ɗaya, sun fita kowa da makomarsa daban. Duk lokacin da aka zauna ana tuna su, a fada ko a wurin suna, hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: wane ya taki sa'a, wane kuwa ba shi da ƙashin arziki. Wannan hukunci ya daɗe yana ci mini rai, domin na san yaran, na san gidajensu, kuma sau da yawa na san ranar da hanyarsu ta rabu da abin da ya raba ta.

Kada wani mai karatu ya ɗauka ina jayayya da ƙaddara. Na yi imani da ita, mai daɗi da marar daɗi, kuma na san Allah ne ke raba arziki tsakanin bayinsa yadda ya so. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa lokacin da Sayyidina Umar ya nufi ƙasar Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ashe ke nan binciken sababi ba ya rage wa mutum imani. Abin da nake tsoro shi ne mu riƙa ɗaukar abin da hannunmu ya shirya, ko abin da sakacinmu ya jawo, mu lulluɓe shi da sunan rabo don kada a tambaye mu.

A shekarar 1984 na gama firamare a ƙauyenmu da ke cikin duwatsun Adar. Mu biyu ne muka ci jarrabawar shiga kwaleji a ajinmu, ni da wani abokina wanda ƙofar gidansu ke kallon tamu. Ya fi ni nesa ba kusa ba, musamman a lissafi. Malaminmu yakan rubuta tambaya a allo, kafin ya juyo abokina ya riga ya ɗaga hannu. Damanar wannan shekara ta zo ta wuce ba a ɗaure damin kirki ba, ita ce shekarar da mutanenmu ke kira El-Buhari saboda yunwar ta haɗu da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A watan Oktoba aka turo mu Tahoua mu biyu. Ni ina da kawu a gari, mai gadi ne a wata ma'aikata, ɗakinsa ɗaya da rumfa, amma matarsa ta shimfiɗa mini tabarma a rumfar, kuma kowane dare akwai ƙwaryar tuwo ko ta fura da aka ajiye da sunana. Abokina ba shi da kowa. An sauke shi a gidan wani mutum da mahaifinsa ya taɓa sani a kasuwa, gidan da su kansu ba su ƙoshi ba a wannan shekara, yana ɗebo musu ruwa da asuba kafin ya tafi aji, ya dawo da rana ya tarar an wanke tukunya. Na roƙi kawuna ya haɗa mu, ya dube ni, ya dubi 'ya'yansa biyar da ke zaune kewaye da akushi, bai ce komai ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba. Wata uku abokina ya jure. Da aka ba da hutun Disamba ya koma ƙauye ya tarar mahaifinsa yana ɗaure kaya zai bi masu tafiya Abijan, sai ya bi shi.

Shekara 26 ya yi a can. Ya fara da tallan ruwa, ya koma dako, ya kafa tebur, har Allah ya sa ya buɗe kanti a wata unguwa, yana aiko wa iyayensa kuɗin hatsi kowace bazara, ya aurar da ƙannensa mata uku. Rikicin Kodebuwa na 2002 ya girgiza shi bai kayar da shi ba, amma na bayan zaɓe, a farkon 2011, ya cinye kantin ƙurmus a dare ɗaya, ya dawo gida da iyalinsa da jakar tufafi. Da labarin zinarin Jado, can arewa cikin sahara, ya cika ƙasa a 2014 ya sayar da gonar da ya gada ya tafi, ya yi wata takwas yana haƙa wa wani, ya dawo da tari a ƙirji da bashi a wuya.

Yau yana sayar da shayi da burodi kusa da tasha a nan Tahoua. Nakan zauna a bencinsa bayan sallar asuba. Mutum shida ko bakwai za su tashi lokaci ɗaya, wannan ya sha da madara, wancan ya ci ƙwai biyu da rabin burodi, wani yana da cikon jiya, shi kuwa yana zuba ruwan zafi daga buta zuwa kofi ba tare da ya ɗaga kai ba, yana gaya wa kowa kuɗinsa da canjinsa kafin yaron da ke taya shi ya gama latsa waya. Kan nan na 1984 yana nan yadda yake. Wata rana wani ɗan ƙauyenmu da muka tashi tare ya raka ni, muna tafiya ya girgiza kai ya ce, ai wane tun yana yaro ba shi da sa'a, kai kuwa Malam farar tafiya ka yi. Ban iya ba shi amsa a lokacin ba, domin abin da ya zo mini a rai shi ne tabarmar nan ta rumfar kawuna. Ita ce ta raba mu. Da a ce a wannan shekara akwai gida ɗaya a Tahoua da zai ciyar da yaro ɗaya na wata tara, da yanzu wataƙila shi ke koyar da masu koyarwa.

Hausawa sun riga sun faɗi abin da nake nufi da suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mafi yawan abin da muke kira sa'a a wurin aiki da kasuwanci, idan aka bi sawunsa, ana tarar da cewa ikon jira ne, kuma ikon jira ba kowa ke da shi ba. Duk wanda ya san noman albasa a Galmi ko Tamaske ya san wannan. Manoma biyu za su yi aiki iri ɗaya, su shayar da fadama ɗaya tun sanyi, su cire albasa a watan Maris ko Afrilu lokacin da ta cika kasuwa farashi ya faɗi ƙasa. Na farko ya ci bashin iri da taki da man injin ban ruwa, mai bashi yana tsaye a bakin gona da buhunansa, dole ya sayar a ranar ko da kuɗin bai kai wahalar ba. Na biyu yana da ɗa a Abijan da ya aiko masa da abin da zai riƙe gida, sai ya zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiye albasa, ya rufe, ya jira har bayan damana lokacin da motocin Gana da Kodebuwa ke neman albasa ido rufe, ya sayar da buhu ninki biyu ko uku, wata shekara ma fiye. Wani kashi zai ruɓe a rudu, wannan gaskiya ne, amma abin da ya rage yakan mayar da asarar har da riba. Idan na biyu ya sayi babur ko ya biya kujerar Makka sai a ce albasa ta karɓe shi. Na farko ma ya san watan da farashi ke tashi, ya fi kowa sani, yana ji yana gani ya sayar.

Haka abin yake a hatsi, kuma a nan ya fi ciwo. Magidancin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damana yakan karɓi tiya a hannun ɗan kasuwa lokacin da take da tsada, ya biya da kaka lokacin da ta yi araha, ta yadda abin da ya ci a wata ɗaya sai ya biya shi da abincin wata biyu ko uku. Yakan bar gonarsa a lokacin noman farko ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don ya samo abin da za a dafa da dare, ciyawa ta cinye tasa, ta mai hali ta yi kyau. Da kaka sai a tsaya a kan iyakar gonakin biyu ana cewa dubi ikon Allah, ruwa ɗaya ya sauka a kansu amma wannan ta ba da dami ɗari wancan ko talatin ba ta kai ba. Ikon Allah ne, babu shakka, amma hannun da ya nome gonar mai dami ɗari na mai dami talatin ne.

Akwai kuma ikon faɗuwa a tashi. Na lura cewa 'yan kasuwar da ake yi wa kirari da ƙashin arziki, idan ka zauna da su suka saki jiki, kusan kowannensu zai gaya maka ya karye sau biyu ko sau uku kafin ya tsaya da ƙafarsa. Wani motarsa ta faɗi da kaya, wani yaronsa ya gudu da kuɗi, wani wuta ta cinye rumfarsa, kamar yadda ta cinye babbar kasuwar Yamai a 1982. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya ɗaga su: baffa da ya sake zuba musu kaya, ubangida da ya ce je ka sayar ka kawo uwar kuɗi, suruki da ya tsaya musu a wurin masu ba da kaya bashi. Ɗan gidan 'yan kasuwa yana da damar gwadawa sau biyar, idan ta biyar ta kama sai duniya ta ga sa'a. Abokina mai shayi sau ɗaya ya faɗi a Abijan, kuma babu wanda ke bayansa, domin shi ne ma bayan kowa a gidansu.

Ba na musun cewa akwai abin da ke faɗo wa mutum ba tare da dabararsa ko ta wani ba. Mu da ke zaune a ƙasar da ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba mun san hadari yakan zubar a wannan gari ya tsallake na kusa da shi. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa, faran Faransa ɗaya da ke daidai da sefa 50 ya koma 100. Wanda ya kwana da kanti cike da kayan waje ya tashi dukiyarsa ta ƙaru, ma'aikacin da ya kwana da albashinsa ya tashi ba ya iya sayen abin da ya saya jiya. A 2023 da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, motocin albasa sun tsaya a hanya har kaya ya lalace, masu haƙurin ajiya da yawa sun yi kuka a wannan shekara. Irin wannan babu wanda ya isa ya ce wayonsa ne ko wautarsa. Amma ko a nan, guguwa ɗaya ce ke kaɗawa, mai katanga ya fake, marar katanga ta tafi da shi.

Zinarin Jado da na Cibarakaten ya koya mana wani darasi game da yadda ido ke ruɗin mu. Kowa a Tahoua zai iya nuna maka gidan bene ko motar wanda ya samu a can, domin gida da mota abubuwa ne da ake gani daga nesa. Waɗanda suka dawo hannu rabbana sun shige cikin jama'a sun yi shiru saboda kunya, waɗanda rami ya rufta da su ko ƙishirwa ta kashe su a sahara kuwa ba su dawo ba balle su ba da labari. Saurayi yana zaune a fada yana ƙirga masu samu, bai da hanyar ƙirga masu rashi, sai ya ga kamar sa'a tana nan zube tana jiran mai zuwa. Kuma ko a bakin ramin ba a zama ɗaya: mai mota da na'urar neman zinari da tankin ruwa yana da kaso a duk abin da aka tono, mai haƙa da hannu kuwa sai abin da ya rage bayan an cire kuɗin abincinsa da na ruwan da ya sha. Har aka rufe Jado a 2017 wannan tsari bai canza ba.

Yanzu bari in taɓo inda ya fi kusa da mu ma'aikata. Masu iya magana sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, 'yan boko kuma a wannan ƙasa suna da haruffa uku da suke taƙaita zancen da su, PAC, wato dangi da abokai da sanayya. Na ga ɗalibaina da suka gama jami'a da sakamako mai kyau, suka yi shekara biyu na bautar ƙasa, suka koma koyarwa da kwantiragi shekara takwas ko goma suna jiran a ɗauke su aiki na dindindin, alhali wani da suka riƙa taimaka wa a aji ya samu kujera a wata ma'aikata tun kafin tawadar takardarsa ta bushe. Ba kullum ne ake murɗe jarrabawa ba, kuma ba na zargin kowa da suna. Sau da yawa abin ya fi haka sauƙi: ɗan babban gida yana jin labarin za a ɗauki ma'aikata tun ana shirya sanarwar, ya haɗa takardunsa a natse, akwai mai gaya masa irin tambayoyin da aka saba yi, akwai inda zai sauka a Yamai, ɗan ƙauye kuwa sai saura kwana uku a rufe yake ji, ga tafiyar sama da kilomita 500, ga kuɗin mota da na tambarin takardu. Idan sakamako ya fito iyayen na biyu sukan ce Allah bai nufa ba, kuma suna faɗin haka da zuciya ɗaya. Haƙurinsu abin girmamawa ne. Amma wanda ya riƙe sanarwa a aljihunsa har ya gama sanar da nasa, bai kamata ya samu mafaka a cikin wannan haƙuri ba, domin zalunci ne ya yi, kuma za a tambaye shi.

Wani abin ma ƙanƙane ne har ana jin nauyin kiran sa sababi. Kowace shekara idan lokacin rajistar jarrabawa ya zo, muna samun yaran da ba su da takardar haihuwa. Rajistar haihuwa kyauta ce idan an yi ta cikin wa'adi, amma uban yana ci-rani lokacin da aka haifi yaron, uwar ta haihu a gida, babu wanda ya je ya sanar. Bayan shekara 12 sai a shiga neman hukuncin alƙali da shaidu, wani ya samu a kan lokaci, wani shekarar ta wuce shi, yarinya kuwa idan shekara ta wuce ta sau da yawa aure ne ke biyo baya. Takarda guda da ba ta kai tafin hannu biyu ba ta raba 'yan aji ɗaya, bayan shekara 20 a ce ɗaya mai sa'a ce.

Kada a fahimce ni da cewa ƙoƙarin mutum da halinsa ba su da tasiri. Da haka ne da ban ɓata shekaruna a aji ba. A 1989 wani shirin raya karkara ya kai wasu manoman yankin Illela ƙasar Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako tun rani, a zuba taki a ciki, idan ruwa ya sauka ya taru a ramin maimakon ya gudu. Suka dawo wasu suka gwada, wannan ita ce tassa da yanzu kowa ya sani. Damanar 1990 ba ta yi kyau ba, amma masu tassa sun girbe. Daga nan wasu suka shiga sayen fakon da masu shi suka yar, a kuɗi kaɗan, suna fasa shi da hannu a cikin zafin Afrilu, bayan 'yan shekaru ya zama gona. Wanda ya zo daga baya ya ga hatsi tsaye inda da ko ciyawa ba ta fita zai ce mai gonar ya yi sa'ar ƙasa. Ga kuma amana, wadda a ganina ita ce jarin talaka mafi girma: yaron kanti da ubangidansa ya gwada shi da jika biyar ya dawo da ita cif, shi ake gwadawa da hamsin. Mai gaida mutane, mai zuwa jana'iza da suna, mai tambaya idan bai sani ba, labarin aiki yakan riske shi kafin ya riski wanda ya shige ɗaki. Duk wannan gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne abokina yana da ƙoƙarin da amanar da gaisuwar duka, sun kuma kai shi har ga mallakar kanti a ƙasar da ba tasa ba, amma da ƙafarsa ta zame babu hannun da ya tare shi.

Illar wannan kalma ba ta tsaya ga ɓoye sababi ba, har zalunci ake yi da ita, kuma mata ne suka fi ɗanɗanawa. Mutum zai yi aure, bayan wata shida kasuwa ta juya masa baya saboda an rufe iyaka ko naira ta faɗi, sai uwarsa da 'yan uwansa su ce amarya farar ƙafa gare ta. Na san yarinyar da na koyar, mai hankali da kunya, da aka sake ta a kan wannan magana, sunan ya bi ta har gidan ubanta, manema suka ɗauke ƙafa. Wace alaƙa ce tsakanin sawun yarinya 'yar shekara 17 da farashin canji a Konni? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfi, amma mun riƙe wannan kamar gado. A ɗaya gefen kuma ga masu sayar da sa'a: boka da ke karɓar ɗan abin da ya rage a hannun wanda ya karye don ya wanke masa baƙin jini, da cacar dawaki da ta ƙwallo da yanzu ta shigo cikin wayar kowane saurayi. Wanda ya yarda cewa duk bambancin da ke tsakaninsa da mai kuɗi sa'a ce kawai, shi ne ya fi saurin miƙa kuɗin cefanensa ga mai alkawarin sayar masa da ita.

Mu kuma da ake kira masu sa'a muna da namu laifin, domin ba mu cika son a tuna mana da tabarmar da aka shimfiɗa mana ba. Idan muna magana da talaka mukan ce Allah ne ya ba mu, idan muna yi wa 'ya'yanmu faɗa mukan ce gumin goshinmu ne, a duka biyun sunan kawu da inna da ubangida yakan ɓace. Alƙur'ani ya ba mu labarin Ƙaruna, wanda da aka yi masa nasiha ya ce an ba shi dukiyar ne saboda wani ilimi da ke wurinsa, kuma mun san ƙarshensa. Wanda ya tuna cewa wani ne ya riƙe shi lokacin da ba shi da komai, zai yi wuya ya kalli mai shayi ya ce ƙashin tsiya gare shi.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne ruwan cikin nan ana iya samar da shi, kuma an gwada an gani a ƙasar nan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991 ba wani abu suka yi ba illa tara 'yan kuɗi kowane mako a cikin akwati, don mace ta samu inda za ta ranta ranar da ɗanta ya kwanta ciwo ba tare da ta sayar da akuyarta a wulaƙance ba; yau tsarin ya bazu har ƙasashen waje. Tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi rance a kansa, wanda ake kira warantaj, da ya fara yaɗuwa tun ƙarshen shekarun 1990, ikon jira ne yake ba ƙaramin manomi. Bankunan hatsi na ƙauyuka, inda aka riƙe su da gaskiya, suna hana magidanci barin gonarsa a tsakiyar damana. Da hukumomi za su riƙa sanar da jarrabawar ɗaukar aiki a gidajen rediyo da harsunan ƙasa wata guda kafin a rufe, a kuma karɓi takardu a kowace jiha, da an rage wa masu uwa a gindin murhu wani kaso na fifikonsu ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba.

Ina kuma da roƙo gare ka, Malam Edita, da ma'aikatanka. Idan kuka je hira da wanda ya yi nasara a kasuwanci ko a aiki, bayan ya gama faɗin wahalar da ya sha, ku tambaye shi wanda ya ba shi jarin farko, da gidan da ya sauka ranar da ya fara shigowa birni, da wanda ya ɗaga shi lokacin da ya faɗi. Ku riƙa zuwa wurin waɗanda suka dawo daga Jado da Libiya ba da komai ba, ku ji nasu labarin, don matasanmu su samu lissafi cikakke kafin su sayar da gona.

A bana ɗiyar abokina ta biyu, wadda ke zaune wurin kakarta a ƙauye, ta ci jarrabawar shiga kwaleji, kuma malaminta ya gaya mini kan ubanta ta ɗauko a lissafi. Mahaifinta yana kwana ne a rumfar shayinsa, iyalinsa na ƙauye, don haka ni da maiɗakina muka karɓe ta, tana kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yanmu mata. Ranar da ya kawo ta da ƙullin kayanta a ka, ya tsaya a zaure ya kasa shiga, ya ce mini, Malam, ga amanarka nan. Daga ƙauyen namu kaɗai akwai wasu yara huɗu da suka ci jarrabawar tare da ita, kuma har ranar da nake rubuta wannan wasiƙa biyu daga cikinsu ba su samu gidan da za su sauka ba.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin makaranta,
Tahoua, Jamhuriyar Nijar.